Zanen Harry Clarke a Labarun Ban Tsoro na Edgar Allan Poe

A shekarar 1919 kamfanin Harrap na Landan ya buga tarin gajerun labarun Edgar Allan Poe, marubucin Amurka wanda ya rasu a 1849, da sunan Tales of Mystery and Imagination. Mai zanen hotunan shi ne Harry Clarke, mutumin Ailan, wanda asalin sana'arsa ƙawata tagogin coci ce da gilashi mai launi. Bugun farko baƙi da fari ne, a 1923 aka ƙara hotuna 8 masu launi. Gwanintarsa ba abin musu ba ce. Abin dubawa shi ne ko hoton ya yi wa labarin hidima, ko kuwa ya sha gabansa.

Mu ɗauki The Tell-Tale Heart, na 1843. Mai kisan ne ke ba da labarin da bakinsa, yana ta nacewa cewa hankalinsa ƙalau. Ya kashe wani tsoho saboda idonsa, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon ɗaki, sa'an nan ya riƙa jin bugun zuciya har ya tona kansa gaban 'yan sanda. Tsoron nan a kunne yake, kuma ba wanda zai tabbatar mana akwai ƙarar ko babu. To, alƙalamin mai zane ba ya kama sauti. Tilas ya tsaya daga waje ya nuna mana mutumin, da mun gan shi kuwa mun rabu da shi, mun koma 'yan kallo, alhali Poe ya so ya kulle mu cikin kansa. A nan ko Clarke bai kuɓuta ba.

Labarin Valdemar, na 1845, daban yake. Mai ba da shi shaida ne mai sanyin murya, kamar likita yana rubuta rahoto. An sa majiyyaci barcin tilas a bakin mutuwa, ya kwanta haka kusan wata 7, da aka tashe shi sai jikinsa ya narke nan take. Wannan abin ido ne, Clarke kuwa ya zana shi ba tare da kau da kai ba, da layuka siriri cunkushe irin na mai aikin gilashi. Kyan adon shi ke ƙara ƙyamar. Aibinsa ɗaya ne: wanda ya buɗe littafin yana leƙen hotuna ya riga ya ga ƙarshe.

Arthur Rackham ma ya zana labarun a 1935, amma a ganina hannunsa ya saba da tatsuniya, bai kai na Clarke ɗaci ba.

Malamin da zai kai littafin aji, gara ya karanta labarin da murya, shafin hoton a rufe. In an gama, ya tambayi ɗalibai kamannin tsohon nan da idonsa tukuna, kana ya buɗe.