Ranar Akwati: Godiya da Kyauta Bayan An Watse Biki

Duk ƙarshen shekara gwamnatin Nijeriya kan ba da hutun ranakun 25 da 26 ga Disamba. Ta farko kowa ya san ta, Kirsimeti ce. Ta biyun, wadda ake kira Boxing Day, na sha jin ana fassara ta da ranar dambe, samari kuwa sun fi sanin ta da ranar da gidajen kallon ƙwallo ke cika saboda wasannin Firimiyar Ingila. Sunan ba shi da alaƙa da naushi, daga akwati aka samo shi. Mun gaji hutun daga Turawan mulkin mallaka, akwatin kuma aka bar shi a can. Shi nake son mu buɗe, domin a cikinsa akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa cin biki: idan an watse, an wanke tukwane, wa ake tunawa da shi?

A Ingila ta ƙarni na 17, yara masu koyon sana'a da yaran shago suna da wani ɗan akwati na yumɓu mai tsaga a sama, wanda ba a fitar da abin da ke ciki sai an fasa shi. Asusu ke nan, irin namu sak. Lokacin Kirsimeti sai su riƙa kai shi wurin masu hulɗa da maigidansu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, bayan biki a fasa a raba. Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati a Landan da ya shahara da rubuta abubuwan da ya yi kowace rana, ya rubuta a ranar 19 ga Disamba 1663 cewa ya je wurin mai ɗinka masa takalma ya biya bashinsa, kuma ya saka wani abu a akwatin yaran shagon. Akwai kuma akwatin sadaka na majami'u, wanda ake cewa washegarin Kirsimeti ake buɗe shi a raba wa talakawa. Ranar ta dace da haka, don a kalandar Kiristocin Yamma 26 ga Disamba ranar tunawa da Istifanus ce, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa a farkon Kiristanci su kula da rabon abinci ga matan da mazansu suka mutu. A gidajen masu hali kuwa, barori ne ke tsaye a kan girki da hidimar baƙi ranar Kirsimeti, sai washegari a sallame su su je ganin danginsu, a haɗa su da kuɗi ko tufa ko sauran abinci. A 1871 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar hutun bankuna wadda John Lubbock ya gabatar, ranar ta zama hutu a hukumance a Ingila da Wales da Ireland. Sukotlan ba ta shiga sahu ba sai 1974.

Abu biyu ne suka ja hankalina a wannan al'ada. Na farko lokacinta. Kyautar ranar biki tana tafiya ne da zumuɗi, ana kiɗa, ana ado, kowa hannunsa a sake. Kyautar washegari kuwa sai an yi niyya, don zumuɗin ya kwanta, aljihu ya yi sauƙi, jiki ya mutu. Na biyu, inda kyautar take dosa. A ranar Kirsimeti mutum yana ba matarsa da 'ya'yansa da abokansa, waɗanda su ma za su ba shi. A ranar akwati yana ba wanda ya hana idonsa barci don shi ya ji daɗi, wanda kuma ba zai rama ba. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba. Idan aka gama biki ko suna, uwar biki ba ta zama ta huta sai ta bi gidajen waɗanda suka yi ɗawainiya ta yi musu ban-gajiya. Kuma wanda aka aiko da kyauta ba ya komawa hannu rabbana, sai an ba shi tukwici. Mun san cewa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa akwai wani na uku, wanda ya ɗauko kayan a kansa.

Ba zan yi wa al'adar kwalliyar da ba ta da ita ba. Akwatin Kirsimeti ya rayu ne a cikin al'ummar da albashin bara bai taka kara ya karya ba, kuma abin da ya kamata ya zama haƙƙinsa sai aka mayar da shi alfarma, a ba shi sau ɗaya a shekara, ya durƙusa ya yi godiya. Maigidan da ya tauye ma'aikacinsa wata goma sha ɗaya yana iya wanke kansa da ƙunshin nama guda a wata na goma sha biyu. Wannan aibi ne babba. Amma duk da haka al'adar tana tilasta wa mai hali ya san sunan wanda ke yi masa hidima, ya dube shi ido da ido, ya amsa cewa akwai bashi a kansa. Wannan amsawar ita ce abin da ya fi saurin ɓacewa.

Yau a Birtaniya da Kanada da Ostireliya, 26 ga Disamba ta zama ranar garaɓasa. Kantuna na karya farashi, mutane na yin sammako su ja layi, wasu kuma na mayar da kyaututtukan da ba su yi musu ba a canza musu. Kuɗin da a da yake gangarowa daga mai shi zuwa mai hidima, yanzu hawa yake yi zuwa asusun kamfani. Mai hidimar kuma, wato mai jiran kanti da direban da ke kai kaya gida-gida da mai tattara kaya a sito, shi ne ke bakin aiki a ranar da tun asali don hutunsa aka ware ta.

A Faransa al'adar ta fi daɗewa da ranta. Suna da abin da suke kira étrennes, kyautar sabuwar shekara da asalinta ke komawa zamanin Rumawa, wadda ake ba mai gadin gida da mai raba wasiƙu da 'yan kwana-kwana. 'Yan kwana-kwanan da masu raba wasiƙu kan bi gida-gida da kalandar sabuwar shekara, mai gida ya karɓa ya ba da abin da ya ga dama. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Jamus. A kwanakin da ke kewaye da 6 ga Janairu, lokacin da an riga an gama ciye-ciye, yara kan yi shigar sarakunan nan uku da Kiristoci suka ce sun kai wa jariri Yesu kyauta, su ɗauki tauraro a kan sanda, su bi ƙofa-ƙofa cikin tsananin sanyi suna waƙa. A saman kowace ƙofa sukan rubuta shekarar da alli tare da haruffan C, M da B, waɗanda ake fassarawa da addu'ar neman albarka ga gidan. Abin da aka jefa musu a gwangwani ba nasu ba ne, ana tara shi ne don ayyukan taimakon yara a Afirka da Asiya da Latin Amurka da wasu wurare. Cocin Katolika ya tsara abin a matsayin gangamin ƙasa baki ɗaya tun 1959, kuma abin da aka tara daga lokacin ya haura Yuro biliyan ɗaya. An daɗe ana shafa wa ɗaya daga cikin yaran baƙin fenti a fuska wai don ya wakilci sarkin da ya fito daga Afirka, abin da bai yi wa baƙar fata da yawa daɗi ba, kuma masu shirya gangamin yanzu suna ba da shawarar a daina. Sun kyauta. Abin da nake yabawa a nan shi ne tarbiyyar: yaron da mako biyu da suka wuce aka cika masa hannu da kayan wasa, yanzu shi ne a waje, yatsunsa na ƙanƙarewa, yana roƙo don wani yaron da bai taɓa gani ba.

Ɗaya reshen al'adar shi ne wasiƙar godiya. A gidajen Ingila da Amurka da yawa, kafin a koma makaranta a Janairu, uwa kan zaunar da yaro ya rubuta wa kakarsa ko gwaggonsa cewa kyauta ta iso, ga abin da ya yi da ita, ya gode. Yara ba sa so, sai an matsa. Amma yaron da aka matsa wa ya koyi cewa rigar sanyin da ke jikinsa wata ce ta je kasuwa ta zaɓo ta, ta naɗe, ta kai gidan waya.

A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya taso ya kusa danne wannan, wato littafin godiya. Mutum ya sami ɗan littafi, kullum ko mako-mako ya rubuta abubuwan da ya ji daɗinsu. Janairu ce kasuwarsa, don lokacin ne Turawa ke ɗaukar alkawuran gyara hali na sabuwar shekara. Salon yana da madogara a binciken masana halayyar ɗan Adam. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun wallafa wani gwaji da suka raba ɗalibai kashi uku: wasu su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu abubuwan da suka ɓata musu rai, wasu kuma duk abin da ya faru. Bayan mako goma, 'yan rukunin godiya sun fi sauran jin daɗin rayuwarsu da kyautata zato ga gobe. Ban raina wannan ba, lissafa ni'ima abu ne da addinanmu suka daɗe suna horo da shi. Damuwata ita ce yadda kasuwa ta karɓi sakamakon. An mayar da godiya magani, kamar motsa jiki ko rage cin gishiri, abin da mutum ke yi don barcinsa ya yi daɗi. Sai ka rubuta cewa ka gode da abincin da ka ci, ka rufe littafi, ka tura shi ƙarƙashin matashi, wadda ta dafa abincin kuwa tana madafa tana wanke-wanke, ba ta ji komai ba. Amfanin godiyar ya tsaya a kan mai yin ta.

Abin sha'awa, binciken masanan kansa yana nuna cewa godiyar da ta isa kunnen mai ita ta fi ƙarfi. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa sun gwada hanyoyi daban-daban na ƙara wa mutum farin ciki, kuma wadda ta fi tasiri nan take ita ce mutum ya rubuta wasiƙa ga wanda ya taɓa yi masa alheri bai gode masa yadda ya kamata ba, ya kai masa da ƙafarsa. A 2018 kuma Amit Kumar da Nicholas Epley sun sa mutane rubuta wasiƙun godiya, suka tambaye su yadda suke zaton za a karɓa, sannan suka tambayi waɗanda aka aika wa. Masu rubutun sun yi zaton abin zai zama da nauyi da jin kunya, kuma sun raina irin daɗin da zai sa. Masu karɓa kuwa sun ji daɗi fiye da yadda aka zata, ba su damu da ko kalmomin sun tsaru ba. Wato abin da ke hana mutane godiya sau da yawa kunya ce da tunanin cewa ai ya riga ya sani. A nan nake ganin hikimar iyayenmu mata. Idan aka yi wa mace alheri ba ta tsaya a nata bakin ba, sai ta ce wa maƙwabciya, "Don Allah ki taya ni godiya." Washegari mai alherin zai ji godiya daga bakin mutum uku ko huɗu da ba su ci komai a ciki ba. Kunyar mutum ɗaya ba ta isa ta kashe maganar ba, tunda an raba wa jama'a ɗaukarta.

Ta fuskar sadaka ma lokacin yana da muhimmanci. A Amurka, gudummawar da aka bayar kafin ƙarshen 31 ga Disamba ita ake iya cirewa daga harajin wannan shekarar, don haka ƙungiyoyin agaji ke tsananta roƙo a watan, masu bayarwa kuma ke rige-rige. Gangamin sadaka na Giving Tuesday da aka fara a birnin New York a 2012 shi ma kafin Kirsimeti yake faɗowa. Da an shiga Janairu sai hannu ya koma aljihu, ga bashin da aka ci na sayayya ya zo biya. Alhali a ƙasashen arewacin duniya Janairu da Fabrairu su ne tsakiyar hunturu, lokacin da kuɗin ɗumama ɗaki ke cinye abin da talaka zai sayi abinci da shi, mai kwana a titi kuma yake cikin haɗarin mutuwa da sanyi. Yunwarsa ba ta san an sauke kayan ado daga bishiyar Kirsimeti ba. Amurkawa suna da wata rana da ke ɗan cike giɓin, Litinin ta uku a Janairu, ranar tunawa da Martin Luther King, wadda majalisarsu ta ayyana a 1994 a matsayin ranar aikin sa-kai. Rana ɗaya ce, amma aƙalla ta faɗo a inda ake bukatarta.

A Birtaniya har yanzu ana jan zaren tsohuwar ma'anar ranar akwati. A 2016 mutum sama da dubu ɗari suka sa hannu a takardar koke cewa a rufe kantuna ranar 26 ga Disamba don ma'aikata su zauna da iyalansu. Majalisa ta tattauna batun a watan Disamba na shekarar, gwamnati ta ce ba aikinta ba ne ta gaya wa 'yan kasuwa ranar da za su buɗe. Sai a 2020, bayan watannin annobar korona da masu jiran kanti suka yi suna fita aiki kowa na kulle a gida, wasu manyan kantuna irin su Asda da Marks & Spencer suka sanar cewa ba za su buɗe a ranar ba, kuma dalilin da suka bayar shi ne godiya ga ma'aikatansu. A waccan shekarar, mai jiran kantin da ya saba fita da asuba ya buɗe wa masu layi ƙofa, ya kwana ya tashi a gidansa, ya karya kumallo da 'ya'yansa.