Adon Yaɗo da Adon Awo: Ina Ainihin Bambancinsu?

Masu rubuta tarihin ado na ƙasashen Turai sukan raba shekarun 1890 zuwa 1940 gida biyu. Kashi na fari shi ne salon da Faransawa suka kira Art Nouveau, watau sabuwar fasaha, wanda a kan ce daga tsire-tsire da ƙwari ya samo siffofinsa. Na biyu kuwa Art Deco, wanda a kan ce ba ruwansa da halitta, sai miƙaƙƙen layi da kusurwa da da'ira. Wannan rabo yana da sauƙin koyarwa, amma nufina a takardan nan in nuna cewa bai isa ba. Don sauƙi zan kira na fari adon yaɗo, na biyu adon awo.

Bari mu fara da abin da ba gardama a kansa. A 1893 Victor Horta ya tsara gidan Tassel a birnin Burasel na Beljiyam. Wanda ya dubi matakalar gidan zai ga ƙarfe da zanen bango da na daɓe duk suna lanƙwasa suna sarƙewa, kamar yaɗon kabewa a kan danga. A 1900 kuma Hector Guimard ya yi ƙofofin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, ya miƙar da ƙarfe kamar kara, ya sa fitila a bisa kamar tohon fure. Adon awo kuwa ya yi tashe ne daga babban baje-kolin da aka yi a Paris a 1925, ko da ya ke sunan Art Deco bai bazu ba sai da Bevis Hillier ya buga littafinsa a 1968. Misalinsa da kowa ya sani shi ne benen Chrysler na Niyok, wanda aka gama a 1930: ƙololuwarsa bakuna ne bisa bakuna, da tagogi masu kusurwa uku a jere.

To, ga inda rabon ya ke da rauni. Da fari, adon awo bai rabu da halitta ba: a jikin benen Chrysler ɗin nan akwai kawunan gaggafa na ƙarfe, kuma barewa da furanni da hasken rana sun cika kayan da aka yi a salon. Na biyu, tun a zamanin adon yaɗo akwai masu awo. Josef Hoffmann na Biyana ya shahara da murabba'i, kuma gidan Stoclet da ya gina daga 1905 zuwa 1911, a Burasel ɗin Horta ya ke. Na uku, mutum guda ya yi aiki a salon duka biyu. René Lalique ya fara da ƙera kayan adon mata, a ciki har da siffar mazari, ƙwaron nan da ke shawagi a bakin ruwa. Daga baya ya koma zuba gilashi, ya kuma sake yin mazarin don a kafa a goshin mota. Ƙwaron bai sake ba, amma aikin ya sake.

A ganina bambancin yana ga halin layi, ba ga asalin siffa ba. A adon yaɗo layi kan tafi kamar abu mai rai, ba ka sanin inda zai tsaya, kuma dama ba lalle ta yi daidai da hagu ba. A adon awo sai a kama abu mai ran, a auna shi, a daidaita gefensa biyu, sa'an nan a maimaita shi. Kada kuwa a ce na fari aikin hannu ne, na biyu na inji, gama ƙofofin Guimard ma zubi ne, guntu-guntu aka yi su aka harhaɗa. Abin da ya faru shi ne Guimard ya ɓoye maimaici, alhali masu awo sun fito da shi fili, suka mai da shi shi ne adon.

Wannan batu ya shafi malamai da ke koyar da zane a kwalejojinmu. Ɗalibin da aka koya masa ya tambayi siffar mene ne wannan, zai ruɗe ko a kan rigar da ke jikinsa. Aska takwas suna ne na kayan wanzami, amma abin da maɗinki ya ɗinka dogayen tsinaye ne a jere, an auna su an daidaita. Suna dabam, aiki dabam. Saboda haka ya kamata a fara nuna wa ɗalibi yadda layi ya tashi, da inda ya karye, da ko an maimaita shi. In ya iya ganin wannan, sunayen salo da shekarunsu ba za su yi masa wuya ba.