Gemun Auduga da Fuskar Katako

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, a zamanin da dare yake na mutane, ba ya buƙatar a tuna masa da abin da kan faru in Azumi ya kai goma: yadda bayan an sauko daga asham wani yaro zai liƙa gemun auduga da ƙaro, ya saka rigar ubansa tana jan ƙasa, ya ranƙwafa bisa sanda, ya shiga gida gida yana tashen Tsoho da Gemu, abokansa na bi suna amshi. Kowa ya san ɗan gidan wane ne, audugar ma wataƙila a gonar maƙwabci aka tsinto ta, amma ban taɓa jin wanda ya ce wannan ba tsoho ba ne, domin an yi ittifaƙi tsakanin mai wasa da mai kallo cewa ishara ta wadatar.

Wannan ittifaƙin ne nake ganin muna saki, tun daga wasannin makarantu har zuwa finafinan Kano, inda ma'aunin gwaninta ya koma guda ɗaya tak, wato a ce abu ya yi kamar gaske. Asalin ma'aunin kuwa daga dandamalin Turai ya zo, musamman na ƙarni na 19, lokacin da marubuta irin su Ibsen na ƙasar Norway suka mai da dandamali tamkar ɗakin da aka cire wa bango ɗaya, aka rage hasken zauren, aka zaunar da jama'a tsit kamar masu leƙen asirin gidan wani. Ta hanyar boko salon ya iso gare mu, ya kuma haifi abin alfahari, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Ba na musun falalarsu. Abin da nake inkari shi ne zaton da ya biyo baya, cewa wannan kaɗai ne wasan kwaikwayo, sauran kuwa shirmen yara ne.

Mai wannan zato ya kamata ya dubi Japan, ƙasar da babu mai tuhumarta da ci baya. Suna da wasan No, wanda Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita ƙa'idojinsa a ƙarni na 14, inda babban ɗan wasa yake ɗaura fuskar katako, yana tafiya a hankali yana jan ƙafa a kan dandamalin da babu adon komai sai hoton itace guda a bango, har in ya ɗaga hannu zuwa saitin idonsa kowa ya gane kuka yake yi, alhali ko ɗigon hawaye babu. Suna da Kabuki, wanda wata mata mai suna Okuni ta fara a birnin Kyoto wajen 1603, kuma tun da hukuma ta hana mata hawa dandamali a 1629 maza ke fitowa a matsayin mata har yau. Masu gyara kaya sukan shigo sanye da baƙaƙen tufafi a gaban kowa, a ɗauka ba a gan su ba. 'Yan kallo kuma sukan ɗaga murya su kira laƙabin gidan ɗan wasa in ya burge su, kamar yadda ake yi wa ɗan dambe kirari.

Da na fahimci wannan sai na ga ashe danginmu ne ta wajen hikima. Yarinyar da ke saka riga da hula ta zama Daudu a tashen Mairama da Daudu, da ɗan kama mai rataye gafaka yana kwaikwayon wa'azi alhali duk zancensa a kan tuwo da miya yake, da samarin Kalankuwa da kan naɗa wa junansu sarautu bayan an kawar da amfanin gona, dukkansu a kan majazi suke aiki, ba su taɓa da'awar haƙiƙa ba, kuma ɗan kallo a wurinsu abokin aiki ne, yana amsawa, yana tankawa, yana ba da tukuici. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun hango haka tun a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da suka fita da ɗalibansu zuwa garuruwa irin su Soba da Maska ta nan kusa da Funtuwa, suna shirya wasa tare da manoma a fili. Kai, Turawan da kansu sun koma neman abin da muke yarwa: mawaƙin nan na Ailan, Yeats, a kan tsarin No ya gina wani wasansa a 1916.

Bambancinmu da mutanen Japan a isnadi yake. Su sun riƙi wasa riƙon ilimi, ɗa yana karɓa daga uba, almajiri daga malami, har sunan ɗan wasan Kabuki Ichikawa Danjuro, wanda aka fara ɗauka a ƙarni na 17, ya kai ga na 13 a shekarar 2022. Hukumarsu kuma tun 1955 take zaɓen gwanaye tana tallafa musu da sharaɗin su koyar da magada. Sun karɓi dandamalin Turai, suna da silima, amma ba su sayar da gado don sayen aro ba. Mu kuwa mun bar namu a hannun yara, yaran ma rashin tsaro ya mai da su ɗaka tun da magariba a yawancin ƙauyukanmu, silsila tana tsinkewa ba wanda ya ji ƙararta.

Shawarata ga malaman Hausa na makarantunmu ita ce, ranar da za a shirya wasa, kafin a aika neman labule da kujerun aro, a aika a gayyato tsofaffin unguwa waɗanda suka yi tashe da Kalankuwa da ƙafarsu, su zauna a tsakar fili da rana tsaka su biya wa yara, a gyara abin da ya saɓa wa ladabi, a riƙe sauran. Auduga dai har yanzu muna nomawa, ƙaro kuma bai ƙare a jikin itace ba. Masu sanin yadda ake ranƙwafawa bisa sandar ne suke ƙarewa.