Mabiya Sun Watse, Sai Sharhi Ya Koma Talla

Duk mai riƙe da shafin sharhin littattafan Hausa a Facebook ko Instagram ya san abin da ke biyo bayan faɗin gaskiya a kan littafin marubuciyar da ke tashe. Kafin gari ya waye lambar da ke ƙarƙashin sunan shafin ta ragu, akwatin saƙo ya cika da "hassada ce kawai" da "in kun isa ku rubuta naku". Mu da muke wannan aiki tsakanin Gwandu da Kalgo mun sha gani. Tafiyar mutanen da sauƙi. Abin da ya fi damun mu shi ne maganin da shafuka da yawa suka samar wa kansu: sun ajiye sharhi, sun koma talla, suna kuma ci gaba da kiran abin da suke yi sharhi.

Bari mu fara da lambar kanta, tunda ita ke hana mutane barci. Mu masu rubuta manhaja mun san yadda ake samun ta. Layi ne a rumbun bayanai da ke cewa wane ya taɓa danna maɓallin bin wane. Layin bai ce ya karanta komai ba, bai ma tabbatar da cewa mutum ne ba. A watan Yulin 2018 Twitter ta cire asusun da aka kulle daga ƙidayar mabiya, sai ga Barack Obama ya rasa sama da miliyan biyu ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. A watan Janairun wannan shekarar Facebook ta sanar cewa za ta fifita rubutun 'yan uwa da abokai a kan na shafuka, don haka mai bin ka ma ba lallai ya gan ka ba. A nan gida kuwa an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a farkon 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wanda datarsa ba ta kai ƙarshen mako, shafin littattafai ne farkon abin da zai sallama.

Akwai kuma namu na kusa. Masu karanta mu da yawa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, wadda ke da mazauni a Kalgo. Da ASUU ta shiga yajin aikin wata takwas a 2022, suka koma garuruwansu, shafukan yankin nan suka yi tsit. Babu sharhin da ya kore su.

To amma kada mu ɓuya a bayan na'ura. Akwai masu tafiya da gangan, don an taɓa gwanarsu, kuma suna da dalilin da ya kamata a saurara. Tun da Okadabooks ta rufe a ƙarshen 2023, kasuwar marubuciyar intanet ta ƙara taƙaita a zaurukan WhatsApp da Telegram da 'yan manhajoji kaɗan. Tana sakin shafukan farko kyauta, sai ta ce a tura kuɗi a asusu kafin a ga sauran. Masoyanta su ne jarinta. In ka ce littafinta ya yi rauni, su a ganinsu tukunyarta ka taɓa. Mai shafin sharhi kuma, sau da yawa, daga hannun marubutan nan yake karɓar kuɗin tallata sabon littafi, kuma farashin tallar yana bin yawan mabiyansa. Kowa na riƙe da wuyan rigar kowa. Shi ya sa yau za ka karanta sharhi goma ka tarar da magana ɗaya: labari mai taɓa zuciya, mai cike da darussa, alƙalamin marubuciya ya yi rawar gani.

Alhali akwai abin faɗa, kuma ba kaɗan ba. Littafin da ake rubutawa kullum shafi ɗaya, ana duba ra'ayin masu karatu kafin a rubuta na gobe, yana da ciwon da kowa ya sani. In jama'a suka so muguwar kishiya, sai a ƙara mata makirci har labarin ya manta inda ya dosa. In suka tausaya wa wanda ya kamata ya mutu, sai ya farfaɗo a asibitin ƙasar waje. Attajirin saurayi yana da kamfanoni a Abuja da Dubai, amma har a gama littafin ba za ka san me yake saye yana sayarwa ba. A ɗauko Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, a aza kusa da su. Shi ma labarin gida ne da kishi. Sai dai da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, marubuciyar ta sa ta sana'ar abinci, ta nuna mana yadda ake riƙe yara da ɗan abin da ya shigo. Wahalar Rabi tana da nauyi domin ana iya lissafa ta da kuɗin cefane. Wannan ne ya sa littafin ya kai ga Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012. Marubuciya mai shekara ashirin da ke rubutu a wayarta tana da haƙƙin a gaya mata wannan bambanci, ta ga inda za ta gyara. Wanda ya ce mata "masha Allah" ya wuce, ya ci kuɗinta ne kawai.

Mu 'yan Gwandu bai kamata irin wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin nan, ya soki mutanensa a rubuce lokacin da suke kan nasara. Ya ga neman mulki da dukiya ya fara shiga cikin jama'a, ya bar rundunar da nufin tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam. Ƙorafin nasa kuma yana nan a cikin Tazyinul Waraƙat, ana karanta shi har yau. Wane mu da kwatanta shafin waya da aikin Malam. Abin da muke nufi shi ne, gaya wa naka gaskiya a rubuce tsohuwar al'adar rubutun ƙasar nan ce, ba ɗabi'ar da aka aro daga Turawa ba, kamar yadda wasu ke jefo mana a saƙo.

Ba muna cewa duk wanda aka guje wa yana da gaskiya ba. Akwai masu sharhin da zagi ne jarinsu, suna shiga rayuwar marubuciya da aurenta, ba su kawo ko jimla ɗaya daga littafin ba. Waɗannan in an bar su, an yi daidai. Ma'aunin mai sauƙi ne: wanda bai karanta littafin ba, zai iya fahimtar inda aka ce ya yi rauni, ya je ya duba da kansa?

A namu shafin mun daina kallon lambar da ke sama. Muna duba wa ya dawo bayan mako ɗaya ya ce ya karanta littafin, kuma bai yarda da mu ba a kan babi kaza. Muna rubuta "talla ce" a saman duk abin da aka biya mu kuɗinsa, kuma littafin da muka tallata ba ma yi masa sharhi a watan. Wasu marubuta sun janye tallarsu saboda haka. Wasu kuma, ba su da yawa, sun fara turo mana littafi tun kafin su sake shi, suna tambaya ko tsakiyar labarin ta yi tsawo.