Yadda Dickens ya narkar da zuciyar marowaci cikin dare ɗaya

Hali zanen dutse, in ji masu iya magana. Saboda haka duk marubucin da ya ce zai ɗauki tsohon marowaci ya mayar da shi mai kyauta kafin gari ya waye, kuma mai karatu ya gamsu, to ya ɗauko jan aiki. Charles Dickens ya yi wannan aiki a ɗan littafinsa A Christmas Carol, wanda ya rubuta cikin mako 6 ko kusa da haka. Ya fito a Landan ran 19 ga Disamba 1843, kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar Kirsimeti.

Da fari a aikace ya nuna mana rowar Ebenezer Scrooge. Sanyi na ratsa ƙashi, amma akawunsa Bob Cratchit, mai albashin sule 15 a mako, yana rubutu a gaban wutar da ba ta fi ƙwayar gawayi ɗaya ba, domin akwatin gawayin na ɗakin maigida. Masu tara wa talakawa gudummawa suka shigo, ya sallame su hannu rabbana, wai ai akwai kurkuku da gidajen gajiyayyu, wanda kuma ya gwammace mutuwa ya mutu a rage yawan jama'a. A riƙe wannan magana, ajiye ta Dickens ya yi.

Da dare sai ga fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, shekara 7 da mutuwa, tana jan sarƙar da aka haɗa da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi. Scrooge ya fara da gardama, wai ƙila abincin da ya ci ne bai narke ba. Marubucin ya san tsoro shi kaɗai ba ya gyara mutum irin wannan, shi ya sa aikin Marley bai wuce sanar da zuwan wasu fatalwoyi uku ba.

A jerin zuwansu gwanintar take. Da wani ne, da kabari zai fara. Dickens kuwa sai ya sa ta farko ta mayar da Scrooge makarantarsa ta kwana, ya ga wani yaro zaune shi kaɗai a aji, kowa ya tafi gida hutu. Shi ne yaron. Ya fashe da kuka, yana cikin kukan ya tuna wani yaro da ya zo ƙofarsa yana waƙa da yamma, ya kore shi, ya ji da ma ya ba shi wani abu. Babu wanda ya yi masa wa'azi. Tausayin kansa ne ya buɗe masa ƙofar tausayin wani, kuma a ganina wannan ɗan wurin shi ne ginshiƙin littafin gaba ɗaya. Dickens ya san wannan kaɗaici: yana ɗan shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi a 1824, shi kuma aka kai shi aiki masana'antar man goge takalmi.

Ta biyu ta kai shi gidan akawunsa, inda ya ga autan maza, Tiny Tim, mai dogara sanda. Scrooge da bakinsa ya tambaya ko yaron zai rayu, fatalwar ta mayar masa da maganarsa ta rage yawan jama'a. Ya sunkuyar da kai.

Ta uku ba ta ce uffan ba, sai nuni da hannu. Ta kai shi shagon wani mai sayen tsummoki, inda mai shara da mai wanki da yaron mai haɗa gawa ke baje kayan wani mamaci suna ciniki. Ga labulen gadonsa har da zobbansa, ga barguna, ga rigar da aka tuɓe wa gawar don kada a yi asararta a ƙasa. Suna dariya. Mai karatu ya riga ya gane kayan wa ake sayarwa, Scrooge kuwa bai gane ba, sai da aka kai shi maƙabarta ya karanta sunansa a jikin dutse. Tsoron ya ci shi ne domin zuciyar ta riga ta yi laushi.

Tuban ma a aikace muka gan shi: ya aika wa iyalin Cratchit ƙaton talo-talo ba tare da ya faɗi sunansa ba, ya je cin abinci gidan ɗan ƙanwarsa, washegari ya ƙara wa akawun albashi.

Duk mai sha'awar koyon gina labari, ya nemi littafin nan ya karanta babi na biyu da na huɗu a tsanake, ya lura da abin da marubucin ya bari idon Scrooge ya gani kafin a gaya masa komai.