Jinjina ga Matan Ƙwaryar Barmani Coge

'Yan matanmu na Gusau da Bunguɗu sun haddace sunayen 'yan Blackpink, ƙungiyar da kamfanin YG na Koriya ya fitar a 2016 bayan shekaru ana horar da su a rawa da waƙa. Madalla. Amma tun kafin a haife su, Funtuwa ta yi tata ƙungiyar mata, ba kamfani, ba kwangila.

Hajiya Sa'adatu Barmani Coge a gidan biki ta tara matanta. Wannan ta iya amshi, waccan hannunta ya faɗa da ƙwarya, shi ke nan an zama tawaga. A kife ƙore a ƙasa, a kifa babbar a cikin ruwa, ita ce mai amon nan da ke dukan ƙirji. Uwar waƙa ta jefo baiti, 'yan amshi su cafe, mata su miƙe suna liƙi.

'Yan amshin nan na fi jinjina wa, don ba a cika kiran sunansu ba. Da su ta yi wa kishiya shaguɓe, ta zuga mata su kama sana'a, kaset ya ɗauki muryoyinsu ya bi hanyar Tsafe har ɗakunan amaren Nahuce. Barmani ta rasu a 2013.