Rigimar 'Yan'uwa Mata a Ɗakin Mamaciya: Nazarin Wasan The Memory of Water

Shi dai wannan wasan kwaikwayo wata Baturiyar Ingila ce mai suna Shelagh Stephenson ta rubuta shi. An fara nuna shi a gidan wasa na Hampstead da ke birnin Landan cikin 1996, ya ci kyautar Olivier ta wasan ban dariya cikin 2000, kana aka mai da shi majigi cikin 2002. Abin mamaki, wasan da aka yaba don ban dariya tun daga farkonsa har ƙarshensa zancen jana'iza yake yi.

Labarin gajere ne. Wata tsohuwa mai suna Vi ta rasu a wani ɗan gari da ke bakin teku a arewacin Ingila, 'ya'yanta mata uku suka hallara a gidanta cikin hunturu. Teresa ce babba, ita ta yi jinyar uwar, tana kuwa ganin an bar ta da wahala ita kaɗai. Mary likita ce, ita aka fifita wajen karatu. Catherine ce auta, kullum kukanta ba a damu da ita ba. Ya kamata mai karatu ya tuna Turawa ba su yin gaggawar binne gawa kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Sukan jinkirta kwanaki. Wannan jinkiri shi ya ba marubuciyar fili, ta kulle matan nan a ɗakin kwanan uwarsu, ba inda za su kauce wa juna.

A irin wannan labari an saba jin rigimar gado. Nan kuwa ba dukiyar kirki, sai tsofaffin tufafi a cikin kabad. Abin da suke jayayya a kansa shi ne ƙuruciyarsu. Wannan ta kawo labarin abin da ya same ta tana yarinya, waccan ta ce a'a, ita abin ya sama. Kowace da irin uwar da ta riƙe a zuciyarta, ba ta yarda da ta 'yar'uwarta ba. Ga shi kuma ita tsohuwar ciwon mantuwa ya cinye hankalinta kafin ta rasu, watau shaidar da za ta raba gardama ta riga ta manta kafin ma ta tafi. Sunan wasan kansa daga nan ya fito: wani masanin Faransa, Jacques Benveniste, ya yi da'awa cikin 1988 cewa ruwa na riƙe alamar abin da aka narkar a cikinsa ko bayan abin ya ƙare. Masana ba su karɓi da'awar ba, amma ta isa misali: uwa ta gushe, ɗanɗanonta na nan cikin 'ya'yan, ko sun so ko sun ƙi.

Inda wasan ya fi ƙarfi shi ne wurin da suka fito da rigunan uwar suna gwadawa suna ƙyaƙyata dariya. Ba wadda ta nemi gafara, ba wadda ta ce ta yafe, amma na ɗan lokaci sun koma 'yan ɗaki ɗaya. Daga bisani Teresa ta sha giya ta tone asirin da aka binne: Mary ta haihu tana da shekara 14, aka ba da yaron riƙo ga wasu. Mary ta daɗe tana begen ranar da zai neme ta, ashe ya mutu, an kuwa san haka a gidan aka ɓoye mata.

Sai dai akwai aibi, ba ƙarami ba. Marubuciyar ta dawo da mamaciyar bisa dandali tana magana da Mary kaɗai, tana kare kanta, tana cewa 'ya'yan sun yi karatu sun raina ta. Maganar tana taɓa zuciya, amma ta warware abin da wasan ya gina. In har ba wanda ya san gaskiyar abin da ya wuce, me ya sa aka tashi matacciya ta zo ta ba da hukunci? Mai kāre wasan zai ce ai a cikin kan Mary take, ita ma tunani ce. To, amma mai kallo da idonsa yake ganinta, da kunnensa yake jinta, dole ya gaskata ta fiye da sauran. Har wa yau wannan ya tauye wa Teresa da Catherine hakki, don su ba a ba su uwar da za su yi sulhu da ita ba. Catherine musamman ta zama abin dariya kawai, alhali ita ta fi su rauni.

Malamin da zai karanta wasan da ɗalibansa zai amfana in ya sa su cire wuraren da Vi ta bayyana, su karanta saura. Za su iske 'yan'uwan sun fita zuwa jana'iza tare ba tare da an daidaita ko ɗaya daga labarunsu ba, wasan kuwa bai rasa kome ba sai muryar da ta fi sauran daɗin ji.